Ƙwayar Iri ta Jini da Gurbinta

Darasin kimiyya: jikin ɗan Adam

1. Jini yana tsufa

A jikin babban mutum akwai jini kamar lita 5. Idan aka dube shi da ido, jan ruwa ne kawai. Idan aka sa ɗigo ɗaya ƙarƙashin madubin likita, sai a ga ƙananan ƙwayoyi masu yawa suna yawo cikin ruwa. Ƙwayoyin nan kashi uku ne.

Kashi na farko su ne jajayen ƙwayoyi. Su suke ɗaukar iskar oksijin daga huhu su kai ta ko'ina cikin jiki. Su ne suka fi yawa. A ɗigon da bai wuce kan allura ba akwai kusan miliyan 5. Kashi na biyu su ne fararen ƙwayoyi. Aikinsu yaƙi da cuta. Kashi na uku su ne masu toshe rauni. Idan lauje ya yanki mutum, su suke taruwa a bakin raunin su tsai da jini.

Ƙwayoyin jini ba su daɗewa. Jar ƙwaya tana kwana 120, sa'an nan ta mutu. Mai toshe rauni ba ta wuce kwana 10. Waɗansu fararen kuwa ƴan kwanaki kaɗan suke yi. Saboda haka tilas ne jiki ya riƙa yin sababbi dare da rana. A kowane sakan ɗaya, jikin babban mutum yana yin jajayen ƙwayoyi kamar miliyan 2.

2. Inda jini yake fitowa

Ana yin jini cikin ƙashi. Duk wanda ya taɓa fasa ƙashin rago ya san ɓargo. Ɓargo kashi biyu ne. Akwai mai ruwan ɗorawa, wanda yawancinsa kitse ne. Akwai kuma ja, wanda yake yin jini. A jikin jariri, kusan duk ƙasusuwa suna da jan ɓargo. A jikin babba, an fi samun shi a ƙashin ƙugu, da ƙashin ƙirji, da haƙarƙari, da ƙashin baya.

Cikin jan ɓargo akwai wata ƙwaya wadda ita ce uwar sauran duka. A darasin nan sunanta ƙwayar iri, watau iri na shuka.

Idan manomi ya yi girbi, yakan zaɓi zangarniyar hatsi mafi kyau ya ajiye. Ba a daka ta, ko da abinci ya yi ƙaranci. Idan damina ta zo, ita ce take ba da hatsin ci, ita ce kuma take ba da irin baɗi. Ƙwayar iri ta jini tana yin aikin nan biyu. Idan ta rabu, tana iya haifar ƴaƴa waɗanda za su zama ja, ko fara, ko mai toshe rauni. Tana kuma iya haifar wata ƙwayar iri kamarta. Da haka iri ba ya ƙarewa tun daga haihuwa har tsufa.

Ƙwayoyin iri ba su da yawa. Cikin ƙwayoyin ɓargo dubu 10, da ƙyar ake samun ɗaya. A 2018 masana a Ingila suka ƙiyasta cewa ƙwayoyin iri dubu 50 zuwa dubu 200 ne suke yin dukan jinin babban mutum.

Mutum biyu ne suka fara tabbatar da ƙwayar nan, James Till da Ernest McCulloch, a birnin Toronto na ƙasar Kanada, cikin 1961. Sun sa wa ɓerayen da ɓargonsu ya mutu ɓargon waɗansu ɓeraye masu lafiya. Bayan kamar kwana 10, suka ga ƴan ƙulli-ƙulli bisa saifar ɓerayen. Kowane ƙulli tarin sababbin ƙwayoyin jini ne. A 1963 suka nuna cewa kowane ƙulli daga ƙwaya guda ɗaya tak ya fito.

3. Idan iri yana da illa

Akwai ciwon da aka sani a Madawa, da Buza, da Keita, da sauran ƙasar Hausa. Sunansa amosanin jini, waɗansu suna ce masa sikila. Yaron da yake da shi yana fama da ciwon gaɓoɓi mai tsanani, musamman lokacin ɗari. Yana saurin gajiya. Idanunsa sukan yi ruwan ɗorawa. Sau da yawa yakan rasa zuwa makaranta.

Ciwon nan ba maita ba ce, ba kuma iskoki ba ne. Ba a ɗaukar shi wajen ci tare ko wasa tare. Gado ne daga uwa da uba su biyu. Likitoci suna rubuta AA ga wanda bai gaji komi ba, AS ga wanda ya gada daga gefe ɗaya, SS ga wanda ya gada daga gefe biyu. Mai AS yana zaune lafiya. Amma idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da rabo 1 cikin 4 na zama SS. An ƙiyasta cewa a 2021 an haifi jarirai kamar rabin miliyan da ciwon nan a duniya, yawancinsu a Afirka.

Jar ƙwaya mai lafiya zagayayyiya ce, mai laushi. Tana lanƙwasa ta wuce cikin ƙaramar jijiya. Ta mai SS takan ƙage ta koma kamar lauje. Sai ta maƙale, ta toshe hanya, ciwo ya tashi. Ba ta kuma wuce kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa jini yake ƙaranci.

Idan aka ƙara wa yaron jini, yana samun sauƙi. Amma jinin da aka ƙara shi ma zai tsufa. Ɓargonsa zai ci gaba da yin masu kama da lauje, gama illar tana cikin iri. Wanda yake son ya raba yaron da ciwon, sai ya sake irin.

4. Dashen ɓargo

Mai noman albasa ya san dashe. Likitoci ma suna yin dashe. Da farko sukan ba mara lafiya magani mai ƙarfi wanda yake kashe tsohon ɓargo. Sa'an nan su ɗebo ɓargo da allura daga ƙugun mai lafiya. Sai su sa wa mara lafiya ta jijiya, kamar ƙarin jini. Ƙwayoyin iri suna bin jini har su shiga ƙashi su zauna. Bayan mako 2 zuwa 4 sukan fara yin sabon jini. Wanda ya ba da ɓargo kuwa, nasa yana komawa cikin ƴan makonni.

Likita Donnall Thomas na Amurka ya fara gwada aikin nan a 1957, aka ba shi kyautar Nobel a 1990. A 1984 likitocin garin Memfis a Amurka suka ba da labarin wata yarinya ƴar shekara 8. Tana da sankarar jini, tana kuma da amosanin jini. Aka yi mata dashe da ɓargon ɗan'uwanta domin sankarar, sai cututtukan biyu suka tafi tare. A Najeriya an fara yi wa mai amosanin jini dashe a 2011, a asibitin koyarwa na jami'ar birnin Benin, a kudancin ƙasar, ƙarƙashin likita Nosa Bazuaye. Idan ɓargon ya fito daga ɗan'uwa wanda ya dace sosai, yara kamar 9 cikin 10 suna warkewa.

Amma dashe yana da wahala uku. Ta farko, ba kowane ɓargo yake dacewa da kowane jiki ba. Ko tsakanin ƴan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, rabon dacewa 1 cikin 4 ne. Idan bai dace ba, jiki ya ƙi baƙon, ko baƙon ya yaƙi jiki. Ta biyu, kafin sabon ɓargo ya kama, mara lafiya ba shi da fararen ƙwayoyi, ƙaramar cuta tana iya kashe shi. Ta uku, sau da yawa ƙwayoyin irin da aka samu ba su isa.

Akwai wani wurin samun iri. Jinin da yake saura cikin igiyar cibiya da mabiyiya bayan haihuwa yana da ƙwayoyin iri masu ƙarfi, kuma ba su cika tsananta dacewa ba. A 1988 likita Eliane Gluckman ta asibitin Saint-Louis a birnin Paris ta yi dashe na farko da jinin cibiya. Ta warkar da wani yaro ɗan shekara 5 da jinin cibiyar ƙanwarsa. Sai dai jinin cibiya kaɗan ne, bai cika kofin shayi babba ba. Yana isar ƙaramin yaro, amma sau da yawa ba ya isar babba.

Daga nan masana suka yi tambaya. Idan iri kaɗan ne, me zai hana a rene shi a ɗakin bincike har ya yi yawa, sa'an nan a dasa?

5. Iri ba ya tsira bisa fako

Sun gwada. Suka sa ƙwayoyin iri cikin ƙaramin faranti na roba mai tauri. Suka zuba musu ruwa mai abinci. Suka ajiye su cikin akwati mai ɗumin jiki, watau digiri 37. Ƙwayoyin suka yi ta rabuwa, faranti ya cika. Amma da aka dasa su cikin ɓeraye, ba su daɗe suna yin jini ba. Dukansu sun zama ƴaƴa, babu uwa. Kamar gidan da aka daka irin shuka aka ci: yau an ƙoshi, baɗi babu abin shukawa.

Mutanen Adar sun san dalilin abin nan daga ƙasarsu. Bayan farin 1973 da na 1984, tuddai da yawa a yankin Keita sun zama fako. Ko an watsa iri mai kyau, ruwa ya share shi, ko rana ta ƙone shi. Laifin ba na iri ba ne, wurin ne ba shi da kyau. A 1984 aka fara babban aikin raya karkara na Keita, da taimakon ƙasar Italiya da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Mutanen ƙauyuka, yawancinsu mata, suka jera duwatsu, suka gina ramuka bisa gangare domin su tare ruwa. Aka dasa itatuwa miliyoyi. Wuraren da suka mutu suka koma ba da hatsi da ciyawa.

A kwarin Magiya, cikin yankin Buza, iska ce take kwashe ƙasa. Daga 1975 aka dasa dogon yaro layi-layi domin tare iska, gonakin da ke tsakani suka samu kariya. A fadamar Tarka kuwa, wajen Madawa, mai albasa ba ya watsa irinsa cikin babbar gona. Yakan gyara ƙaramin fangali, ya lausasa ƙasa, ya sa taki, ya riƙa ban ruwa da kaɗan-kaɗan. Bayan kamar wata ɗaya da rabi, sai ya cire ya dasa.

A duk wuraren nan uku, ba iri aka sake ba. Mazauninsa aka gyara.

A 1977 Michael Dexter, a birnin Mancesta na Ingila, ya ga cewa ƙwayoyin jini suna daɗewa cikin faranti idan aka shimfiɗa musu waɗansu ƙwayoyin ɓargo a ƙarƙashi. A 1978 abokin aikinsa Ray Schofield ya bayyana dalili. Ya ce ƙwayar iri tana da mazauni na musamman cikin ƙashi. Muddin tana ciki, tana zama uwa. Idan ta fita, sai ta zama ɗiya. Da Hausa sunan mazaunin nan gurbi, kamar gurbin da ake sara wa hatsi, ko gurbin da kaza take kwanci.

6. Yadda gurbin yake

Masana sun yi shekaru suna duban gurbin. Ga abin da suka gani.

Na ɗaya, yana da laushi. Farantin roba ya fi ɓargo tauri sau dubbai. Ƙwaya tana jin taurin abin da take zaune bisansa, kuma taurin yana sake halinta.

Na biyu, yana da ɗakuna. Idan aka tsaga kan ƙashi, cikinsa ƙofofi ne kamar soson wanka. Ƙwaya tana kewaye ta ko'ina. A faranti kuwa ƙasanta kawai yake taɓa wani abu.

Na uku, yana da zaruruwa ƙanana waɗanda ƙwaya take kamawa, kamar yadda ƙwarya take kama danga.

Na huɗu, yana da maƙwabta. Ƙwayoyin da ke gefen ƙananan jijiyoyi suna fitar da sinadarai waɗanda suke kamar saƙo. Wani yana cewa a zauna, wani a huta, wani a rabu.

Na biyar, iskar oksijin kaɗan ce. A iskar da ake shaƙa akwai kashi 21 cikin 100. Cikin ɓargo ba ta kai kashi 5 ba. Yawan oksijin yana gajiyar da ƙwayar iri.

Yawancin lokaci ƙwayar iri tana hutawa cikin gurbinta. Ba ta rabuwa sai jefi-jefi. Wahalar masana ke nan: suna son ta rabu da yawa, amma kada ta manta ita uwa ce.

7. Ƙera gurbi da hannu

Akwai kayan da mutum yake ƙerawa domin su zauna lafiya da jiki. Ana kiran su kaya masu jituwa da jiki. Zaren da likita yake ɗinke ciki da shi, wanda yake narkewa da kansa, yana cikinsu. Haka ma ɗan gilashin roba da ake sa wa wanda aka cire wa yanar ido. Da kayan nan masana suke ƙera gurbi. Ga hanyoyi huɗu.

Shafe faranti. A 2010 likita Colleen Delaney, a birnin Siyatil na Amurka, ta liƙa wani saƙon maƙwabta a gindin faranti. Ƙwayoyin cibiya da aka rena a kai suka ƙaru. Da aka sa wa marasa lafiya su, fararen ƙwayoyinsu suka dawo da wuri.

Soso. A 2014 masana a garin Kalsruhe na Jamus suka zuba ruwan wata roba mai laushi bisa ƙwayoyin gishiri. Da ta daskare, suka wanke gishirin da ruwa. Duk inda gishiri ya narke ya bar ɗan ɗaki. Suka sa ƙwayoyin iri tare da maƙwabtansu cikin ɗakunan. A 2018 masanan birnin Bazel na ƙasar Suwis suka yi soso da gasasshen abu mai kama da tangaran. Suka fara renon maƙwabta a ciki, suna tura ruwan abinci da ƙaramin famfo kamar yadda jini yake gudu. Sa'an nan suka kawo ƙwayoyin jini.

Daskararren ruwa. Idan romon ƙafar saniya ya kwana cikin sanyi, yakan daskare, yana rawa idan aka taɓa shi. Yawancinsa ruwa ne, amma ƙananan zaruruwa sun riƙe shi. Masana suna ƙera abu mai kama da haka, su auna laushinsa yadda suke so. A 2019 masanan jami'ar Washinton a Siyatil suka rufe ƙwayoyin cibiya cikin wani daskararren ruwa wanda ba ya tayar musu da hankali. Bayan kwana 24 suka narkar da shi suka kwashe ƙwayoyin. Iyaye sun ƙaru. Da aka dasa su cikin ɓeraye, sun yi watanni suna yin jini.

Gam. Da can ana zuba wa ƙwayoyi wani sinadari mai suna albumin, wanda ake samu cikin ruwan jini. Yana da tsada, kuma yakan zo da ƴar ƙazanta wadda take firgita ƙwayoyin. A 2019 Satoshi Yamazaki na jami'ar Tokiyo a Japan, da Adam Wilkinson da Hiromitsu Nakauchi na jami'ar Stanford a Amurka, suka nemi abin da zai maye shi. Wanda ya fi kyau shi ne PVA, sinadarin da yake cikin gam ɗin liƙa takarda na ƴan makaranta, amma tatacce ƙwarai. Cikin wata ɗaya, ƙwayoyin irin ɓera suka ƙaru tsakanin sau 200 da sau 900. Da yake sun yi yawa, sun kama cikin ɓerayen da ba a kashe wa tsohon ɓargo ba. Ƙwayoyin mutum sun fi na ɓera wuyar reno. A 2023 masanan Japan suka samu wani sinadarin, wanda masu haɗa magani suke amfani da shi. Da shi suka rena ƙwayoyin cibiyar mutum har kwana 30.

8. Inda aikin ya kai

Yawancin gurabun nan har yanzu a ɗakin bincike suke, ana gwada su da ɓeraye. Kafin a sa wa mutum abu, sai an tabbata ba zai cuce shi ba, kuma wannan yana cin shekaru.

Duk da haka renon iri ya fara isa asibiti. A watan Afrilu na 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Omisirge, watau jinin cibiya da aka rena da wani nau'in bitamin B3, domin masu sankarar jini. A gwajin da aka yi, fararen ƙwayoyin waɗanda aka ba shi sun dawo cikin kwana 12. Na waɗanda aka ba jinin cibiya da ba a rena ba sun ɗauki kwana 22. Kwana 10 na tsakani suna da muhimmanci ga mutumin da ba shi da abin kare kansa daga cuta.

A ƙarshen 2023 kuma Ingila da Amurka suka amince da Casgevy domin masu amosanin jini. A nan ba a neman ɓargon kowa. Ana fitar da ƙwayoyin irin mara lafiya, a gyara su a ɗakin bincike, a mayar masa. Duk kwanan da suka yi a waje suna rage ƙarfi, shi ya sa kyakkyawan gurbi zai taimaki aikin nan. An sa kuɗinsa fiye da dalar Amurka miliyan 2 ga mutum ɗaya, watau fiye da miliyar 1 na kuɗin sefa. Yawancin masu ciwon suna Afirka, maganin yana inda kuɗi suke. Idan aka iya renon iri da kaya masu araha kamar PVA, wani kashi na tsadar zai ragu.

9. Abin da ke hannu yau

Kafin ranar nan ta zo, akwai abin da iyali suke iyawa.

Saurayi da budurwa suna iya yin gwajin jini kafin aure, su san ko AA ne, ko AS, ko SS. Rigakafi ya fi magani.

Yaro mai SS ya riƙa shan ruwa da yawa. A rufe shi da kyau lokacin ɗari. Ya kwana cikin gidan sauro, gama zazzaɓin cizon sauro yana fasa jajayen ƙwayoyi, nasa kuwa dama kaɗan ne. A yi masa dukan alluran rigakafi. Idan jikinsa ya yi zafi, a kai shi likita ran nan, kada a jira gobe. Akwai asibiti a Madawa, da Buza, da Keita. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta kula da masu amosanin jini. Akwai kuma magani mai suna hidroksiyuriya wanda yake rage tashin ciwo, likita ne yake rubuta shi.

Abokan ajinsa kada su yi masa dariya idan ya kasa gudu. Idan ya kwanta ciwo, su kai masa darasin da ya wuce shi.

Har yau babu injin da yake cika jakar jini a asibiti. Jinin da ake ƙara wa yara da mata masu haihuwa daga hannun mutane yake fitowa. Babban mutum mai lafiya yana iya ba da kusan rabin lita. Ba ya rasa komi, domin ƙwayoyin irinsa suna mayar da abin da aka ɗiba cikin ƴan makonni. Ranar 19 ga Yuni ta kowace shekara ita ce ranar amosanin jini ta duniya.

Abin riƙewa

Ƙwayoyin jini suna mutuwa, ɓargo yana yin sababbi. Ƙwayar iri ce uwar dukansu. Tana haifar ƴaƴa, tana kuma haifar kamarta. Ba ta zama uwa sai cikin gurbinta. Masana suna ƙera gurbi da soso, da daskararren ruwa, da waɗansu sinadarai, domin iri kaɗan ya yi yawa a dasa wa mara lafiya.

Kalmomi da Faransanci

ɓargo: la moelle osseuse
jar ƙwaya: le globule rouge
farar ƙwaya: le globule blanc
mai toshe rauni: la plaquette
ƙwayar iri: la cellule souche
gurbi: la niche
dashe: la greffe
amosanin jini: la drépanocytose
kaya masu jituwa da jiki: les biomatériaux

Tambayoyi

1. Ƙwayoyin jini kashi nawa ne? Mene ne aikin kowane kashi?
2. Waɗanne ayyuka biyu ƙwayar iri take yi?
3. Don me ƙarin jini ba ya raba yaro da amosanin jini?
4. Me ya faru da ƙwayoyin iri cikin farantin roba?
5. Ina kamar aikin matan Keita da aikin masu ƙera gurbi?
6. Yaya aka yi ɗakuna cikin soso da gishiri?
7. Jiki yana yin jajayen ƙwayoyi miliyan 2 a sakan ɗaya. Nawa yake yi a minti ɗaya? Nawa a awa ɗaya?
8. Ƙwayoyin iri 50 sun ƙaru sau 200. Nawa suka zama?

Aikin yi

a) A roƙi mahauci ya tsaga ƙashin cinyar rago a tsaye. A dubi tsakiyarsa, a dubi kansa. Ina ɓargo mai kitse? Ina ƙofofi masu kama da soso? A zana abin da aka gani cikin littafi.

b) A samo irin albasa ƙwaya 60, a raba uku. A zuba 20 cikin tasa babu ƙasa. A zuba 20 bisa fako. A shuka 20 cikin ƙasa mai laushi da taki, ƙarƙashin ƴar inuwa. A ba su ruwa daidai kowace safiya. Bayan kwana 15 a ƙidaya waɗanda suke da rai a kowane wuri, a rubuta da Hausa da Faransanci.